Ciwon suga bayan shekara 60: awon tuwo da awon jini

A gidaje da yawa, ranar da likita ya ce an samu dattijo ko dattijuwa da ciwon suga, a ranar iyali suke yanke hukunci: daga yau ba tuwo, ba shinkafa, ba fura, sai wake da ganye da alkama. Kafin wata biyu Baba ya rame, ƙafa ta daina kai shi masallaci, ga ƙwayar magani ana ba shi safe da yamma a kan cikin da babu komai. Ran da jiri ya kayar da shi a banɗaki sai a ce suga ya tashi, a ƙara matse masa abinci, alhali sau da yawa sugan sauka ya yi fiye da kima.

Wanda ciwon ya riska yana da shekara 65 ko 75 yana tsakanin haɗari biyu ne. Suga idan ya daɗe a sama yana cin ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa, amma aiki ne na shekaru. Idan kuwa ya faɗi ƙasa, cikin mintoci yake gusar da hankali, ya jawo faɗuwa da karayar ƙugu, ko ya taɓa zuciya. Aikin da ke gaban iyali shi ne su gane wane abinci, a wane awo, yake yin me a jikin wannan mutumin, kuma na'urar gwaji ita ke ba da amsar.

Lambobin da ake magana a kansu

Ana tabbatar da ciwon ta ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi: gwajin safe bayan awa 8 ba a ci komai ba ya nuna 126 mg/dL ko fiye, ko gwajin jini na matsakaicin suga da ake kira HbA1c ya kai 6.5%, ko a samu 200 awa biyu bayan an sha ruwan gulukos giram 75, ko a samu 200 a kowane lokaci tare da alamu irin su ƙishirwa, yawan fitsari da rama. Idan babu alamu, sai an maimaita gwajin a ɗakin gwaji na asibiti. Ɗigon jini ɗaya a na'urar hannu ta kemis bai isa a ɗora wa mutum ciwon da zai rayu da shi ba, musamman idan an auna shi ne yana tsakiyar zazzaɓi mai nauyi.

Akwai ruɗanin da ke iya zama haɗari, wato ma'auni. Wasu na'urori da ɗakunan gwaji a Najeriya suna rubuta mg/dL, wasu mmol/L, a Nijar da Kamaru da Chadi kuma an saba da g/L irin na Faransa. Abu ɗaya ne: 126 mg/dL shi ne 7.0 mmol/L, shi ne 1.26 g/L. Daga mg/dL zuwa mmol/L ana rabawa da 18. Wanda na'urarsa ta nuna 6.5 a mmol/L lafiya lau yake, wanda tasa ta nuna 65 a mg/dL kuwa sugansa ya faɗi, yana buƙatar zaƙi nan take. A duba ƙananan haruffan da ke gefen lambar tun ranar da aka sayo na'ura, a rubuta su a bangon littafin awo.

HbA1c yana faɗin matsakaicin sugan wata biyu zuwa uku da suka wuce, domin suga na manne wa jajayen ƙwayoyin jini, su kuma suna rayuwa kusan kwana 120. Duk abin da ya gajarta ko ya tsawaita rayuwarsu yana karkatar da sakamakon. Mai sikila, wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan, mai ƙarancin jini, da mai ciwon ƙoda da ya yi nisa, ba a dogara da HbA1c ɗinsu kai tsaye. Mai AS ma ya gaya wa likita, domin wasu injinan gwajin suna ruɗewa da irin jininsa.

To ina ake son sugan ya tsaya? Ƙungiyar masana ciwon suga ta Amurka ta kasa tsofaffi kashi uku. Dattijon da ke da ƙarfinsa da hankalinsa, ba wasu cututtuka masu yawa: HbA1c ƙasa da 7 zuwa 7.5%, gwajin safe 80 zuwa 130, lokacin kwanciya 80 zuwa 180. Wanda ke fama da cututtuka da dama, ko mantuwa ta fara masa, ko ake taimaka masa da wasu hidimominsa: ƙasa da 8%, safe 90 zuwa 150, kwanciya 100 zuwa 180. Wanda jiki ya yi rauni sosai ba a bin HbA1c ɗinsa da tsanani, a dai riƙe safe 100 zuwa 180, a kauce wa faɗuwar suga da kuma hawan da ke sa fitsari da ƙishirwa. Awa biyu bayan cin abinci, abin da aka saba nema shi ne ƙasa da 180.

Wannan sassauci yana da dalili. A binciken ACCORD da aka yi a Amurka da Kanada kan mutum fiye da 10,000, waɗanda matsakaicin shekarunsu ya kai 62, an yi ƙoƙarin tura HbA1c na rabinsu ƙasa da 6% da magunguna masu yawa. A 2008 aka dakatar da wannan ɓangare, saboda mace-mace sun fi yawa a cikinsu. Ɗan da ke murna don na'urar mahaifiyarsa mai shekara 78 tana nuna 75 kowace safiya, alhali tana shan magani mai saukar da suga da ƙarfi, ya kamata ya kai ta a rage mata.

Sunan maganin shi ke faɗin yawan gwaji

Kafin a yi maganar sau nawa za a tsira yatsa, a karanta kwalin magani. Metformin, wanda aka fi farawa da shi, da wuya shi kaɗai ya kayar da suga. Matsalarsa gudawa da tashin zuciya a makonnin farko, shi ya sa ake farawa da 500 mg tare da abinci, a ƙara a hankali. Ana duba ƙoda kafin a fara shi. Idan awon tace jini da ake kira eGFR ya yi ƙasa da 45 ana rage shi, ƙasa da 30 a daina. Bayan shekaru yana iya rage bitamin B12, abin da ke jawo sanyin ƙafa da kasala da ake ɗora wa tsufa.

Glibenclamide, wanda aka fi sani da Daonil, da 'yan uwansa gliclazide da glimepiride, suna tilasta wa jiki fitar da insulin, sinadarin da ke saukar da suga a jini, ko an ci abinci ko ba a ci ba. Glibenclamide ya fi su daɗewa a jiki, ƙodar tsoho kuma ba ta fitar da shi da sauri, saboda haka masana suke cewa a guje shi ga tsofaffi duk da arharsa. Duk dattijon da aka rubuta wa shi yana da haƙƙin tambayar likita ko akwai madadi. Mai shan irin waɗannan, da mai allurar insulin, ba ya tsallake abinci, kuma shi ne ya fi buƙatar na'ura a gida.

A kuma zazzage ledar magungunan gaba ɗaya a gaban likita. Haɗin da ake sayo wa tsofaffi a kemis don ciwon gwiwa da baya sau da yawa akwai dexamethasone ko prednisolone a ciki, su kuwa suna cilla suga sama, musamman daga rana zuwa dare. Kwinin na zazzaɓin cizon sauro yana saukar da shi. Magungunan hawan jini irin su atenolol da propranolol suna ɓoye bugun zuciya da karkarwar da ke gargaɗin mutum cewa sugansa ya faɗi.

Na'ura da inda take yin ƙarya

Wajen saye, a fara tambayar kuɗin tsinken gwaji, wato ɗan fallen da ake ɗiga wa jini, da ko ana samunsa a garinku, domin na'ura sau ɗaya ake saye, tsinke kuwa kullum. Accu-Chek, OneTouch, On Call Plus da makamantansu duk suna aiki, amma kowace da tsinkenta, ba a haɗa na wannan da waccan.

A wanke hannu da sabulu da ruwa, a busar sarai. Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi ɓata sakamako: yatsan da ya taɓa dabino ko mangwaro ko rake yana iya nuna lamba mai tayar da hankali alhali jinin lafiya yake. Hannu mai danshi kuma yana tsarma jinin, lambar ta yi ƙasa. Idan an shafa sifirit, a bari ya bushe. A sa tsinke a na'ura, a tsira gefen kan yatsa, domin tsakiyarsa ya fi zafi, a riƙa sauya yatsu. Idan jini ya ƙi fitowa, kamar yadda yake yi da sanyin hunturu, a sauke hannun ƙasa, a murza daga tafin hannu zuwa yatsa a hankali. Matsa bakin wurin da ƙarfi yana fito da ruwan jiki ya gauraya da jinin. Allurar tsira yatsa ta mutum ɗaya ce. Ba a ara wa maƙwabci, ba a zagaya da ita cikin iyali don kowa ya ga nasa, saboda ciwon hanta nau'in B yana bin wannan hanya.

Tsinken gwaji ba ya son zafi da danshi. Yawancin kamfanoni suna cewa kada ya wuce digiri 30, a Kano da Sakkwato da Damagaram kuwa zafin Afrilu yana haura 40. Kada a bar shi a mota, ko a taga, ko kusa da murhu. A ajiye a ɗakin da ya fi sanyi, a cikin robarsa ta asali, a rufe murfin da zarar an zaro ɗaya. A duba ranar ƙarewar aikinsa. Ko da komai ya yi daidai, ƙa'idar duniya ta yarda na'urar gida ta kauce da kusan kashi 15 cikin 100, don haka 140 da 152 a gwaji biyu a jere ba abin damuwa ba ne. Lambar da ba ta yi kama da yadda mutum yake ji ba, a sake wanke hannu a maimaita. Idan na'ura ta rubuta HI, a yawancinsu ma'anarsa ya haura 600, sai asibiti.

Mutane da yawa gwajin safe kawai suke yi, shekara da shekaru, shi kuma ba ya faɗin komai game da tuwon rana. Hanya mafi amfani ga sabon mai ciwo ita ce gwaji bibbiyu: ɗaya dab da fara cin abinci, ɗaya awa biyu daga lomar farko. Yau a yi wa karin kumallo, jibi abincin rana, bayan kwana biyu na dare, a yi ta zagayawa. Tsinke shida a mako ya isa ga mai shan metformin kaɗai, kuma bayan wata ɗaya ko biyu, idan an gane abincin gidan, sai a rage. Mai insulin ko Daonil zai ƙara da gwajin safe da na kwanciya, da duk lokacin da ya ji ba daidai ba.

A littafi a rubuta rana, lokaci, lamba, abin da aka ci da yawansa. A ce kafin karin kumallo 118, bayan kofi biyu na koko da sukari da biredi 246. Wata safiyar 122, bayan kofi ɗaya na koko ba sukari da ƙosai biyar 168. Ba a buƙatar wani ya yi wa Hajiya wa'azi, ta gani da idonta. Idan tazarar kafin da bayan ta wuce 50 zuwa 60, ko an haura 180, a rage sitacin wannan abinci da kashi ɗaya cikin uku, a ƙara miya da abin gina jiki, a sake gwadawa. Idan kuma lambar asuba ta fi ta kwanciya duk da ba a ci komai ba, hanta ce ke sakin suga gab da wayewar gari. Magani ke gyara wannan, hana abincin dare ba ya gyara shi.

Abin da ke cikin kwano

Garin masara, dawa, gero, alkama, acha da shinkafa duk kusan kashi 70 cikin 100 ko fiye sitaci ne, kuma duk sitaci suga yake komawa a ciki. A nan ne maganar tuwon alkama ta yaudari mutane: an ɗauke shi magani, sai a zuba wa Baba malmala uku, alhali da malmala ɗaya ta dawa aka ba shi da sugan bai kai haka ba. Bambancin da ke tsakanin hatsi yana nan, amma ƙarami ne idan aka kwatanta da bambancin yawa da na sarrafawa. Hatsin da ba a surfe ƙwarai ba, aka bar masa dusarsa, aka niƙa da ɗan tsaki-tsaki, ya fi jinkirin narkewa a kan wanda aka surfe fes, aka tankaɗe ya yi laushi. Tuwon shinkafa da aka dafa ya yi luguf yana cikin masu saurin tayar da suga.

Awon da aka saba farawa da shi shi ne sitaci giram 45 zuwa 60 a kowane babban abinci, sau uku a rana. A aikace wannan na nufin malmala ɗaya daidai dunƙulen hannun mai cin, ko dafaffiyar shinkafa kofin shayi ɗaya, wadda ke ɗauke da kusan giram 45. A faranti mai faɗin santimita 23, rabi ganye ne da kayan lambu, rubu'i nama ko kifi ko ƙwai ko wake, rubu'i tuwo ko shinkafa ko doya. Wannan ba ya yiwuwa a tire ɗaya da jikoki, don babu mai sanin loma nawa ya kai baki. A zauna tare a ci tare, amma a zuba wa dattijo nasa daban.

Miyarmu tana gefen mai ciwon suga. Kuka, kuɓewa, karkashi, zogale, alayyahu, yakuwa, rama, tafasa, shuwaka, kabeji, yalo, duk a ci a ƙoshi. A juya tsarin da aka saba, miya ta fi tuwo yawa, a kuma fara da ita da naman kafin a kai ga sitaci, domin hakan na rage saurin hawan suga. Dambu a yi shi zogale ya rinjayi tsaki. Kwaɗon rama ko na zogale da ƙuli-ƙuli marar sukari abincin rana ne mai kyau. Shinkafa da wake a sa wake ya fi yawa. Wake yana da sitaci shi ma, kusan giram 20 a dafaffen giram 100, amma yana tafe da furotin, wato abin gina jiki, da ɓawo mai rage masa gudu. Alala da ƙosai da awara sun fi waina da sinasir da funkaso nesa ba kusa ba, sai dai a lura da mai. Ɗanwake kuwa sunansa ne wake, amma yawanci garin rogo ko fulawa ne ya fi yawa a ciki, don haka a lissafa shi a sahun tuwo.

Abin sha ya fi abin ci yin ɓarna, saboda ba ya buƙatar tauna kuma ba ya ƙosarwa. Cokalin shayi ɗaya na sukari giram 4 ne. Lemon kwalba na da kusan giram 10 a kowane mililita 100, wato roba mai santilita 50 ta kai cokali 12 ko fiye. Lemon malt da ake kai wa marasa lafiya dubiya yana sahu ɗaya da shi, haka yogot mai zaƙi da madarar gwangwani mai kauri. Koko da kunu, ko ba sukari, gasara ce tatacciya da ke shiga jini da sauri. A tsaya a ƙaramin kofi ɗaya, kuma kada a sha shi kaɗai, a haɗa da ƙosai ko ƙwai ko gyaɗa. Fura a dama ƙaramin curi ɗaya da nono mai yawa, ba sukari, a ɗauke ta a matsayin cikakken abinci, kada ta hau kan tuwo. Zoɓo marar sukari ba laifi. Zuma tana da daraja a wurinmu, kuma ba a musun amfaninta, amma babban cokali ɗaya nata giram 17 ne na suga, jini kuma yana karɓarsa kamar yadda yake karɓar mazarƙwaila. Dabino ƙwara biyu ko uku ƙanana sun isa a zama ɗaya. 'Ya'yan itace a ci su da ƙwarinsu maimakon a matse: lemu ɗaya, gwaba ɗaya, yanka ɗaya na gwanda ko kankana, rabin mangwaro.

Akwai abin da ake mantawa da shi, haƙori. Tsohon da ba ya iya tauna yana komawa kan koko, shayi da biredi, da tuwo mai laushi, wato abincin da ya fi kowanne tayar da suga kuma ya fi ƙarancin gina jiki. Tsoka ita ce ke shanye mafi yawan sugan da aka ci, tsufa kuma yana zaftare ta. Dattijon da ƙodarsa ke lafiya yana buƙatar furotin kusan giram 1 zuwa 1.2 a kowane kilo na nauyinsa a rana, wato giram 60 zuwa 72 ga mai kilo 60, ƙwai ɗaya kuwa giram 6 ne kacal. Faten wake, alala, dafaffen ƙwai, kifin da aka cire wa ƙaya, kindirmo, naman da ya dahu luguf, a tabbata ɗayansu na cikin kowane abinci. Mai ƙiba zai amfana da rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinsa a hankali. Siriri ba a sa shi ramewa. Wanda kuma yake ta zubewa duk da yana ci kuma yana shan magani, a koma wurin likita da wuri: wataƙila insulin jikinsa ke nema, kuma a wasu tsofaffi ƙalilan sabon ciwon suga tare da rama alama ce ta cuta a fankiriyas, gaɓar da ke samar da insulin.

Gishiri kada ya wuce giram 5 a rana, cokalin shayi ɗaya shafe, har da wanda ke cikin magi, saboda hawan jini abokin tafiyar ciwon suga ne. Daddawa da kayan ƙamshi suna rage buƙatarsa. Tafiyar minti 10 zuwa 15 bayan cin abinci tana sauke lambar awa biyu yadda za a gani a na'ura. Hulba, garahuni da jiƙon ganyaye babu wanda aka tabbatar yana warkar da ciwon, kuma haɗin kwalba da ba a san abin da ke ciki ba yana iya lahanta ƙodar da ake ƙoƙarin karewa.

Idan ya faɗi, idan ya haura

Ƙasa da 70 mg/dL, wato 3.9 mmol/L, suga ya faɗi. Matashi zai ji karkarwa da zufa da yunwa. Tsoho sau da yawa ba ya jin waɗannan, sai dai a ga ya rikice, yana magana ba kan gado, ko faɗa ba dalili, ko barci a lokacin da bai saba ba, ko harshe ya yi nauyi kamar mai shanyewar ɓarin jiki. Kafin a ce ruɗewar tsufa ce ko iska, a auna. Idan yana iya haɗiya, a ba shi giram 15 na zaƙi mai sauri: cokalin shayi huɗu na sukari a ruwa, ko babban cokali ɗaya na zuma, ko rabin kofi na lemon kwalba. A jira minti 15 a sake aunawa, a maimaita idan bai haura 70 ba, sannan a ba shi abinci na sosai. Idan babu na'ura a kusa kuma ana zargi, a ba da zaƙin. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai, don zai shiga huhu. A kwantar da shi a gefensa a garzaya asibiti. Faɗuwar da Daonil ya jawo tana iya dawowa bayan awanni, don haka ko ya farfaɗo sai likita ya gan shi a ranar.

Ɗaya gefen kuma yakan zo a hankali cikin kwanaki. Zazzaɓi ko ciwon fitsari ko gyambo ya tayar da suga, fitsari ya yawaita, tsoho kuma ba ya jin ƙishirwa kamar da, sai jiki ya bushe, jini ya yi kauri, hankali ya fara gushewa. Ranar rashin lafiya a auna kowace awa 4, a riƙa ba da ruwa ko bai nema ba. Lamba sama da 300 sau biyu a jere, ko amai da ya hana shan ruwa, ko magagi, duk na asibiti ne. Mai amai da gudawa ya dakatar da metformin har ya koma ci da sha, ya kuma sanar da likita. Mai insulin kuwa ba ya daina allura da ra'ayin kansa.

Azumi yana buƙatar shiri tun mako 6 zuwa 8 kafin Ramadan, domin a sauya lokaci da yawan magani. Tsira yatsa ba ya karya azumi. Ƙa'idar da likitoci suka tsara wa masu azumi ita ce a sha ruwa idan suga ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, ko da saura kaɗan a kira magariba. A jinkirta sahur, a sa wake ko ƙwai ko nono a ciki. A buɗe baki da ruwa da dabino biyu, kada a jera kunu da zoɓo mai sukari da soyayyen dankali kafin tuwo. Wanda aka gano ciwonsa dab da Ramadan kuma bai daidaita ba, da mai ciwon ƙoda, da wanda sugansa ya taɓa faɗuwa har ya suma kwanan nan, suna cikin marasa lafiyar da aya ta 184 da 185 ta Suratul Baƙara ta yi wa rangwame. Dattawan da suka saba azumin Litinin da Alhamis su faɗa wa likita, don shi ba zai yi tunanin tambaya ba.

Ciwon yakan yi shekaru a jiki kafin a gano shi, saboda haka a watan farko a duba bayan ido a asibitin ido, a gwada fitsari da jini don ƙoda, a auna hawan jini da kitsen jini, sannan a maimaita duk shekara. Ƙafa kuwa kullum ake dubawa, har tsakanin yatsu, a busar da su bayan alwala. Ba tafiya ba takalmi a kan yashi ko siminti mai zafi, ba miƙa ƙafa ga kaskon wuta da hunturu, ba yankan farce da reza ko wurin masu yawo da almakashi, domin ƙafar da jijiyarta ta mutu tana ƙonewa ko ta yanke mai ita bai ji ba.

Bayan wata uku a koma asibiti da littafin awo, da na'urar, da ledar magunguna, a sake HbA1c. Idan lambobin safe suna da kyau amma HbA1c na sama, matsalar tana bayan cin abinci, littafin zai nuna wanne. Idan safe ne ke sama, likita zai duba maganin dare. Idan HbA1c ya sauka ƙasa da 6.5% ga dattijon da ke shan Daonil ko yake allurar insulin, ko an samu lamba ƙasa da 70 ko da sau ɗaya ne, a nuna wa likita shafin a nemi ya rage maganin.